Azumin Da Na Ɗanɗana Man Mota

Jiya bayan la'asar ina kishingiɗe a baranda ina jiran rana ta sassauta, sai ga jikana Razak ya shigo layi da motarsa tana fizga kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Injin na ta ihu, tayoyi sun ƙi tafiya. Wani makanike na biye da shi a kan babur, da 'yar na'ura a hannu. Ya cusa wayarta a ƙarƙashin sitiyari, ya ƙura wa gilashin ido, ya ce giyabos ne, amma sai an kai gareji kafin a san ko gyara za a yi ko canji. Ko bonet bai ɗaga ba. Ina kallonsu, zafin azumin bana ya busar mini da maƙogwaro, sai na ji wani ɗanɗano ya dawo mini a kan harshe, wanda rabona da shi tun azumin shekarar sittin da tara.

Lokacin ina da ƙuruciyata, ga goyo a baya, ina sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidanmu nan cikin Zongo. Maigidana Idirisu, Allah Ya jiƙansa, direba ne. Muna zaune tare da tsohonsa, Baba Mamman, wanda ya zo Kumasi da ƙafa tun yana saurayi, yana bin jakunan fataken goro daga ƙasar Tawa. A nan ya yi aure, a nan ya tsufa, a nan kuma ya binne matarsa.

Sai motar gidan. Baba ya saye ta a hannun wani Bature mai harkar katako da zai koma ƙasarsu, ta riga ta ga duniya kafin ta zo hannunmu. Motar Amurka ce, koriya, doguwa, faɗinta ya kusa cike lungu. Abin da ya sa ta yi suna shi ne ba ta da kuloci. Totur da birki kawai. Direba ya ja 'yar sanda a jikin sitiyari, ita da kanta take canza giya. 'Yan unguwa suka sa mata suna Alhajiya, wai ba ta son wahala. Ita ke ɗauko amare, ita ke ɗauko masu jego daga asibiti, ita ke tarbo alhazai. Rabin tuwon gidanmu daga jikinta yake fitowa, rabin daga tukunyata.

Likitanta ɗaya ne, Masta Seidu, makanike mutumin Yendi, aminin Baba. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Wata safiya, tun kafin wannan azumin da daɗewa, ya zo shan koko, na gan shi ya zaro tsinken awon mai daga cikin Alhajiya, ya shafa a yatsa ya kai baki. Na ce, "Masta, wace irin ƙazanta ce wannan? Da bakin nan za ka sha mini koko a ƙoƙona?"

Ya ce, "Memuna, kai ka na dafa miya, ka na taɓa gishiri. Ni ma miya na ke nan."

Washegari ya zo da gwangwanin madara biyu don ya kashe mini baki. Na farko jan man giya ne garau kamar zoborodo. Na biyu ya ɗebo daga wata matacciyar mota, ya yi baƙi-baƙi. Ya ce in shaƙa. Ƙaurinsa sak na kokon da ya kama a gindin tukunya. Ya ce in taɓa a harshe, kuma don kada ya ce na ji tsoro, na taɓa. Ɗaci, ga wani tsaki-tsaki a haƙori irin na shinkafar da ba a rege ba.

Ya ce, "Yauwa. Faranti na ciki ya ƙone, ya na cin kanshi. In ka ji haka, mota ya mutu. Amma in mai ya na ja, ba ɗaci, ba yashi, ba matsala koraa, ko kaɗan."

Na kuskure baki na zage shi, na kuma ƙara masa ƙosai biyu.

Azumin waccan shekara ya kama lokacin da ruwan ƙarshen shekara ke ja da baya. Hadari ya haɗu tun hantsi, ya rufe gari, ya ƙi zubowa. Iska ta tsaya cak. Rufin kwano ya riƙa ƙara don zafi, zufa na bin gadon baya, goyo ya manne maka kamar an liƙa shi. Sana'ata ta koma yamma. Bayan azahar in kai jiƙaƙƙen gero injin niƙa, in dawo in tace, in surfa wake, mu haɗu da matan maƙwabta muna buga ƙullu muna hirar da ba ta da kai, don dai a manta da ƙishirwa. Kafin la'asar ta wuce mai ya hau wuta. Ƙamshin ƙosai ya cika layi, maza masu wucewa masallaci su riƙa cewa, "Memuna, Allah Ya isa tsakaninmu da kaskonki."

Gab da magariba kwanuka su fara yawo. Na aika koko gidan Inna Rabi, kwanon ya dawo da masa. Na aika ƙosai gidan mahauta, ya dawo da romo. Babu wanda ke mayar da kwano haka nan, abin kunya ne. Baba ya zauna a kan buzunsa a ƙofar gida da dabino a hannu, kunnensa na wajen ladan. Har yau ban sake jin ruwa mai daɗin na randarmu a wannan lokacin ba.

A farkon azumin ne Alhajiya ta fara nuna hali. Da safe maigida ya sa giya, sai ta yi shiru kamar ba da ita ake ba, har mutum ya karanta Fatiha, sannan ta zabura. In ta tashi daga inda ta kwana, sai a ga jan tabo a ƙasa. Ran nan a hawan Bantama, da mai jego a ciki, injin ya yi ta kururuwa motar na zamewa baya, sai da masu wucewa suka tare ta. Maigida ya dawo ransa a ɓace ya ce bayan Sallah a kai ta wajen Masta.

Azumi bai kai goma ba rediyo ya faɗi maganar da ta hana kowa barci. Duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi 'yar dariya ya ce, "Takarda? Sa'adda na zo garin ga, ba a haihi mai rediyon ba." Babu wanda ya taya shi dariyar. Ni iyayena 'yan Salaga ne, nan cikin ƙasar, dokar ba ta taɓa ni ba. Maigida a nan aka haife shi, ungozomarsa ma tana da rai, amma an ce uba ake dubawa. Aka tsayar da shawara ya kai tsoho gida Tawa, in ƙura ta lafa ya dawo.

Zongo ta zama kasuwa. Gadaje, kekunan ɗinki, kujeru, turame, duk a bakin titi, ana sayarwa a wulaƙance. Na bi maigida tashar Race Course mu ga yadda ake samun mota. Mutane a saman kaya, kaya a saman mutane, rana na dukansu, wasu sun kwana biyu a cikin lori ba ta tashi ba. Kuɗin mota kuwa abin da direba ya ga dama ne. Baba ƙafafunsa a kumbure suke, ga tari. Maigida ya ce, "In na ɗora shi a kan wannan, gawarsa zan sauke a hanya. Sai dai Alhajiya."

Aka kira Masta. Kafin ya taɓa motar sai da ya shiga ɗakin Baba suka daɗe, na ɗauka gaisuwa ce. Ya fito ya tayar da ita, ya sa giya ya cire, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Ya sa aka kawo guntayen kututture daga wajen kafintocin unguwar Anloga, aka ɗaga ta aka ɗora. Ya ari farar tasata ya tara, ya kwance farantin da ke ƙarƙashin giyabos, man ya tsiyaye a ciki. Ya daɗe a kwance a ƙarƙashinta. Da ya fito ya goge hannu ya ce wa maigida, "Idi, ciwo ya na da girma."

Ya lissafa mana hanyoyi uku. A aika Accra a nemo kayan ciki, in an same su, kuɗinsu ya kusa rabin motar. Ko a cire giyabos ɗin gaba ɗaya a sa mata na hannu daga wata tsohuwar a-kori-kura, wanda sai an fasa ƙasanta an dasa kuloci, aikin ba na kwana kaɗan ba ne. Ko a sayar da ita yadda take. To wa zai saya? A makon nan an ba da mota lafiyayya a kuɗin saniya.

Maigida ya ce, "Masta, ka tabbata faranti ne suka ƙone?"

"Tabbas sai na taɓa a harshe. Kuma ina azumi."

"To bayan an sha ruwa."

"Yoo, na ji."

Bayan an sha ruwa ya ce yajin ƙosaina ya kashe masa harshe. Washegari ya ce mura ta kama shi. Rana ta uku ya ce ya aika Accra yana jiran amsa. Kullum zai zo da hantsi ya shige ƙarƙashin mota, a ji ƙarar sifana, ya fito da azahar ya ce aiki na tafiya. Ni haushi ya ishe ni. Na ce a raina, mutumin da ya cika mini kunne da harshensa, ranar da ake buƙatarsa ya zama malami.

Gari kuma ya fara tsukewa. Mai injin niƙa ya kulle ya tafi, muka koma kan dutse, mu uku muna karɓa-karɓa, gwiwa na ciwo, baki a bushe. Mahauta suka tafi, nama ya ɓace. Albasa ta zama abin nema. Motocin da ke kawo gero daga arewa duk sun koma ɗaukar mutane, na riƙa haɗa kokona da masara ina tsinka shi da ruwa, masu saye suka gane suka ci gaba da saye. Sahur ya koma rogo da ɗan manja. Amma abin da ya fi yunwa ciwo shi ne kwanuka. Ka aika yau, gobe ka ga ƙofar a kulle. Kwanukana biyu suka bi maƙwabta zuwa Dosso ba sallama. Na wasu kuma suka maƙale a hannuna, na wanke su na kife a kan kanta, ba wanda zan mayar wa. Akwai wani mai zanen shuɗin fure na Inna Rabi, yana cikin kabad ɗina har yanzu.

Maigida ya ɗaure kayan Baba a saman motar, akwati da tabarma da buta, don da an gama a tashi. Can ga motar a kan kututture, cikinta a buɗe, kaya a kanta. Baba kuwa ya samu wajen zama. Da la'asar sai ya shige kujerar baya, ya sauke gilashi, ya riƙa jan carbi yana amsa gaisuwar masu wucewa, kamar wanda ake tuƙawa.

Wa'adi na matsowa, ni tsoro na cina. Ana ta labarin an kwashe wasu an tsare su a fili cikin rana. Na kalli kayan ɗakina, kwallayen aurena da uwata ta tara mini ɗaya bayan ɗaya, da babbar tukunyar koko, na ce waɗannan za su sayi giyabos na hannu. Na faɗa wa maigida. Ya ce, "Ki dakata tukuna." Na ce in dakata har a zo a ja tsoho a ƙasa? Ya ce, "Na ce ki dakata." Ban dakata ba. Na yi magana da wata 'yar Asante, Maame, mai sayen irin waɗannan kaya, ta ce za ta zo da safe da mai kura. Tukunyar nan ita ce sana'ata. In ta fita, ban san da me zan ciyar da goyona ba bayan maza sun tafi.

Da la'asar ɗin ranar ina haɗa kwallaye, na ga saura farar tasata. Na fita nemanta. Masta ya tafi masallaci, maigida ba ya nan. Na durƙusa na jawo ta daga ƙarƙashin mota, an rufe ta da guntun katako. Na buɗe. Man yana nan ja garau, har ina hango farin gindin tasar. Na karkata ta a rana, babu ko ɗigon baƙi a ƙasa. Na shaƙa, babu ƙauri. Mu mata mun san malamai sun yardar wa mai girki ta taɓa miya a kan harshe ta tofar, azuminta na nan. Na ce yau wannan ce miyata. Na tsoma yatsa har ƙasa, na taɓa, na murza a haƙoran gaba. Santsi ne kawai. Babu ɗaci, babu yashi. Na tofar, na sake tofarwa, na goge harshe da bakin zane.

Ina miƙewa Masta na karyo kwana. Ya ga tasa a hannuna, ya ga bakina, ya tsaya.

Na ce, "Masta, ka ji tsoron Allah. Da bakin azumi! Ina farantin da ya ƙone?"

"Memuna, yi a hankali."

"Ba zan yi ba. Gobe za a kwashe kayan aurena saboda kai. Me ke damun motar nan?"

Ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya. "Bakin faranti na ƙasa ya na yoyo, mai ya ragu. Rariya na ciki ya toshe. In na wanke, na ɗaure, na ƙara mai, shi ke nan. Aikin hantsi ɗaya."

Na buɗe baki zan tara masa jama'a, sai na ji murya daga kujerar baya. Na ma manta Baba na ciki.

"Ɗiyata, taho nan."

Na matsa na durƙusa a bakin ƙofar. Ya ce, "Mi kika ji a bakinki?"

Na ce, "Lafiya lau na ji, Baba."

"To. Ni na roƙe shi, ba laihinai ba ne. Ban ce ba ni tahiya ba. Ina tahiya. Amma azumin da na ɗauka a garin ga, a nan nika son in sauke shi. Na yi ciniki da mutanen ga tun ba ni da gemu. Na ci na wasu, wasu sun ci nawa, na ɗaga wa wasu murya. Wuri guda suka taruwa duka, hilin Idi. In tsaya in ce su yahe mini, in je in gai da uwar mijinki inda take kwance, sa'an nan ku kai ni duk inda kuka so. In na hita kamar ɓarawo ban yi sallama ba, da mi za ni kwana a can?"

Na ce, "In aka zo kama ku fa, Baba?"

"Wa ka kama wanda kayanai ke bisa mota? Kowa ya gani ya san tahiya za mu yi, mota ce ta ƙiya."

Sai na kalli motar da sabon ido, kututturen da akwatin da butar da ke lilo. Ashe duk kwanakin nan takardar zamanmu ce a ƙofar gida. Hawaye ya zubo mini, haushin kuma bai gama sauka ba. Na juya kan Masta na ce, "Kai kuma da ka bari na sayar da tukunyata, da sai na dafa ka a cikinta." Ya ce wallahi bai san na yi nisa haka ba. Baba ya ce kada in faɗa wa ɗansa, yaro ne mai tsoro, zai ɗora shi a mota a daren. Na mayar da tasa inda take, na rufe ta da katakonta.

Da safe Maame ta zo da mai kura. Na tsuga mata kuɗin da ko mahaukaci ba zai biya ba. Ta tafa hannu ta ce, "Ei, Memuna! Zinariya ne?" Ta tafi tana mita. Na ce wa maigida ciniki bai yiwu ba. Ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri.

Wa'adi ya cika, ya wuce. Ba zan ce ban ji tsoro ba. Duk ƙarar takalmi a layi sai in leƙa ƙofa. Ran nan da yamma wani ɗan sanda ya shigo, ya tsaya a kan motar. Ƙafafun Masta kawai ake gani a ƙarƙashinta, yana buga ƙarfe da ƙarfi fiye da kullum. Baba na kujerar baya da carbinsa. Ɗan sandan ya leƙa ya ce, "Papa, har yanzu?" Baba ya nuna ƙasan mota ya buɗe hannuwa. Masta ya turo kai, fuska duk baƙin mai, ya yi masa dogon bayani da Turanci da Asante a kan faranti da Accra. Ni kuma na naɗe ƙosai mai zafi a takarda na miƙa. Ya karɓa ya ce, "Yoo. Ku yi sauri." Ya dawo bayan kwana biyu, ina jin ƙosan ne ya dawo da shi.

A goman ƙarshe hadarin da ya daɗe yana yi mana rowa ya sauko. Ana gab da shan ruwa ya kece, mai ƙarfi, har kwatoci suka cika. Muka fito da bokitai da tukwane. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, jiki ya saki. Ladan ya kira salla muryarsa na nutsewa cikin ƙarar kwano. Ranar a cikin Alhajiya muka sha ruwa, ni da maigida da Baba da Masta, gilasai a rufe, tiririn koko ya lulluɓe su, goyona na dukan sitiyari. Baba ya ba mu labarin yadda suka ƙetare kogi da jakuna, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Koko ne tsararo da rogo, amma ban taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba.

Ranar jajibere Masta ya zo da sassafe ya ce kaya sun iso daga Accra. Ƙullin da ya riƙo bai fi goro biyar ba. Ya wanke rariya da kananzir, ya yanka sabuwar takarda mai kauri ya shimfiɗa a bakin faranti, ya ɗaure, ya tace man tasata da ƙyalle ya mayar, ya ƙara sabo. Kafin azahar aka sauke ta. Maigida ya sa giya, ta kama nan take. Ya kai ta hawan Bantama ya dawo ya ce ta haye kamar tana da shekara biyu. Da aka tambayi Masta ladan aiki ya ce a ba shi koko bayan Sallah.

Alhajiya ce ta kai Baba filin Idi. Ya sa babbar rigarsa fara. Daga wajen mata nake hango shi. Filin da kan cika har titi, ranar sahu kaɗan ne, sauran duk ciyawa. Yawancin waɗanda ya zauna dominsu sun riga shi tafiya. Na ji zuciyata ta karye masa. Amma da aka sallame ya miƙe da sandarsa, ya bi sahu ɗaya bayan ɗaya, yana kama hannun kowa yana cewa a yafe masa, har yaran da ba su san shi ba. In ya zo gurbin da wani abokinsa ya saba tsayawa, sai ya ɗan dakata, ya faɗi sunansa, ya wuce. Daga nan suka tafi maƙabarta shi da ɗansa.

Washegari suka kama hanya. Na zuba wa Baba fura a gora, na durƙusa a bakin ƙofar mota. Ya dafa kaina ya ce, "Ɗiyata, Allah Shi ba ki mai ruhe miki asiri." Na bi su da ido har suka sha kwana.

Sai da ruwan sabuwar shekara ya sauka maigida ya dawo, a bayan lorin albasa, ya rame, ba tsoho ba mota. Alhajiya ta kai su har Tawa ba ta yi tari ba, a can ya sayar da ita ya yi jinya. Baba bai ga damina ba. Bayan an gama karɓar gaisuwa, muna zaune mu biyu, na ga ya kamata ya san abin da tsohonsa ya yi. Na fara, "Maigida, wancan gyaran na Masta..."

Ya ce, "Memuna, ni fa direba ne. Tun ranar da aka zuba man a tasarki na gan shi."

"To me ya hana ka magana?"

"Tsoho ya ɗauka ya yi mini wayo. Ya zan ƙwace masa wannan? Ke ce kawai kika kusa kashe ni da tukunyarki."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, shi ma ya juya fuska bango.

Duk sun tafi yanzu, har Masta. Layin namu ya cika da benaye, kwano ba ya yawo kamar da, kowa na shan ruwa a bayan ƙofarsa. Shi ya sa jiya na kasa zama. Na dogara sanda na sauko na ce wa makaniken ya ɗaga bonet ya zaro mini tsinken man giya. Ya kalli Razak, Razak ya ce, "Yi mata, in ba haka ba ba za mu sha ruwa lafiya ba." Na shafa a yatsa. Baƙi ne. Tun kafin ya iso hancina na ji ƙaurin gindin tukunya. Na kai harshe.

Razak ya yi tsalle. "Hajiya! Azumi fa!"

Ɗaci, ga yashi a ɗan abin da ya rage mini na haƙori. Na tofar, na goge baki da mayafi. Na dafa motar na ce, "Sayar da ita, ɗan nan. Wannan da gaske take, babu wanda take rufa wa asiri."